Ɗalibi a Kujerar Alƙali: Bahasi a Kan Karatun Wasan Kwaikwayo

Daga cikin darussan da ake koyarwa a manyan azuzuwan sakandare akwai wanda ake kira adabin Turanci, wanda aka kasa kashi uku, wato zube da waƙa da wasan kwaikwayo. Kuma ko da yake kashi biyun farko sukan wuce ba tare da kowa ya ɗaga kai ya dube su ba, na ukun bai taɓa rabuwa da shubuha a zukatan iyaye masu tsantseni ba, tun ran da aka fara tsai da 'ya'yan Musulmi a gaban aji, wannan ya ce shi ne sarki, wancan ya ce shi ne matar sarki, alhali kowa a ɗakin ya san ɗan wane ne da ɗan wane. Hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, wadda aka kafa a 1952, ta wajabta wa duk wanda ya zaɓi wannan darasi karanta wasa guda na Shekisfiya, marubucin Ingila da ya rayu daga 1564 zuwa 1616, tare da wasu wasannin na marubutan Afirka da na wajenta, tana kuma sauya littattafan bayan kowace shekara biyar: waɗanda suka zauna jarrabawa tsakanin 2016 da 2020 Otelo suka karanta, na bayansu kuwa aka ba su wani wasan barkwanci mai aljanu da masoya da suka ɓace a daji. A Ingila kanta haka abin yake, duk mai zama jarrabawar adabi ta ƙarshen sakandare sai ya ratsa ta wurin mutumin nan. Saboda haka idan uba ya zauna a zauren malaminsa bayan sallar la'asar ya ce, "Allah gafarta Malam, yaron da muke hana shi ƙarya a gida, ga makaranta tana ba shi maki don ya iya ta, mene ne hukunci?", bai kamata a sallame shi da murmushi ba, domin tambayarsa ta fi ƙarni ashirin tana kai komo tsakanin masu hankali.

Masu hani suna da hujjoji, kuma a cikinsu akwai manyan masana hadisi, irin su Shaihu Ahmad ɗan Siddiƙu al-Gumari na Maroko, wanda ya wallafa littafi sukutum don tsai da dalili a kan haramcin kwaikwayo, da Shaihu Bakar Abu Zaid na Saudiyya, wanda shi ma ya keɓe wa mas'alar littafi nasa. Abin da suke cewa a taƙaice shi ne, ɗan wasa yana faɗin abin da ba haka yake ba, ya danganta kansa ga wanda ba shi ya haife shi ba, ya yi aure da saki da rantsuwa a fatar baki, ya yi kukan da babu baƙin ciki a bayansa. Ga kuma gargaɗin da ya zo a hadisi ga mai yin ƙarya don ya sa mutane dariya, ga ƙyamar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna yayin da Uwar Muminai A'isha ta kwaikwayi wani mutum a gabansa, ga la'anar da aka yi wa namiji mai kamanta kansa da mata da mace mai kamanta kanta da maza. Duk wanda ya san nauyin waɗannan nassoshi ba zai yi gaggawar kiran mai riƙo da su maras wayewa ba.

Abin da da yawa daga cikinmu ba su lura da shi ba shi ne, Turawan da suka kawo mana littattafan nan sun riga mu yin wannan gardama, kuma sun yi ta da zafin da mu ba mu taɓa kaiwa ba. Aflatun, babban masanin falsafar Girka, wanda bai san Musulunci ko Kiristanci ba, ya ƙi yarda masu irin wannan fasaha su zauna a birnin da ya tsara a cikin tunaninsa, bisa dalilin cewa abin da yaro ya daɗe yana kwaikwaya tun yana ƙarami yakan juye ya zama ɗabi'arsa, a jiki da murya da zuciya. A Ingila wani lauya mai suna Wiliyam Firin ya fitar da wani tafkeken littafi na sukar wasan kwaikwayo a zamanin Sarki Calis na Farko, sai aka ɗauka ya yi wa matar sarki gugar zana ne, don ita ma takan shiga wasa a fada, aka yanke masa kunnuwa; amma ba a daɗe ba ra'ayinsa ya yi rinjaye, majalisa ta rufe gidajen wasan Landan a 1642, shekara ashirin da shida kacal bayan rasuwar Shekisfiya, ba a kuma sake buɗe su a hukumance ba sai 1660. A ƙasar Sham ma Abu Halilu al-Ƙabbani, wanda ya fara wasanni a Dimashƙa, sai da hamayyar wasu malamai ta sa ya tattara ya koma Masar a 1884. Ashe dai mas'alar ta 'yan Adam ce gaba ɗaya, ba rigimar malamin zaure da ɗan boko kaɗai ba.

To, mu fara da tuhumar ƙarya, don ita ce ta fi yawo a bakin jama'a, ita ce kuma a ganina ta fi rauni. Ƙaryar da ake kama mutum da laifinta ita ce ya ba da labari saɓanin yadda abu yake, yana nufin mai sauraro ya gaskata; inda kuwa mai magana da mai sauraro suka yi ittifaƙi tun farko cewa abin da za a faɗa misali ne, babu wanda aka yaudara, babu haƙƙin da aka ci. Ƙarnoni nawa Zaidu ya yi yana dukan Amru a bakin malaman nahawu, kuma wa ya taɓa kai ƙarar malamin gaban alƙali cewa ya yi wa Zaidu sharri? Babban misali ma yana nan a cikin gafakar malamanmu, wato Muƙamar Hariri, wadda malamin Basra ya tsara kafin rasuwarsa a 1122, muƙama hamsin, dukkansu a kan wani dattijo mai wayo, Abu Zaidu as-Saruji, wanda yau ka gan shi mai wa'azi, gobe mabaraci, jibi mai ƙara a gaban alƙali, da wani Harisu ɗan Hammamu mai ba da labarinsa, alhali marubucin ne ya sa musu zance a baki daga farko har ƙarshe. Shi kansa Hariri ya hango za a tuhume shi, sai ya kare kansa a gabatarwar littafin da cewa aikinsa tamkar labarun da ake ɗora wa dabbobi ne don koyarwa, kuma niyya ce ma'aunin aiki. Wannan littafi ana karanta shi a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato, ana ɗaukar wanda ya sauke shi a matsayin wanda ya nutsa cikin lugga, ba mu kuwa ji an ce malamai sun taru suna karatun ƙarya ba. Wasu masu halattawa sukan ƙara da hadisin zuwan Mala'ika Jibrilu cikin siffar baƙo mai tambaya a kan Musulunci da imani da ihsani, da ƙissar Annabi Sulaimanu da ya ce a kawo wuƙa a raba jariri don ya gane uwar gaskiya; masu hani sukan amsa da cewa ba a ƙiyasta aikin mala'ika da na annabi da na 'yan wasa, kuma amsar tasu tana da fuska, don haka ba zan jingina da waɗannan ba, Hariri ya ishe ni.

Ko a gida ma kwaikwayo ba baƙonmu ba ne. Idan azumi ya kai goma, yaro ya manna gemun auduga, ya naɗa tsohon rawanin kakansa, ya rungumi allo ya shiga gida gida yana dogara sanda, abokansa na tuhumarsa da rawa shi kuma yana musantawa, matan gida na dariya suna miƙa hatsi ko 'yan kuɗi, a cikin watan da aka fi kiyaye harshe a cikinsa, babu wadda ta ɗauka malami ne na gaske ya shigo mata. Haka matan fada suka daɗe suna wasan gauta, suna kwaikwayon sarki da fadawansa a gaban idonsa, yana ganin abin da ba wanda zai iya gaya masa da baki. Da boko ya zo kuwa, Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna ya riƙa rubuta wasanni yana sukar zalunci da cuta, Abubakar Tunau ya fitar da Wasan Marafa a 1949, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya mayar da ɗaya daga cikin wasannin Shekisfiya Hausa a 1971, ya sa masa suna Daren Sha Biyu.

Amma warware tuhumar ƙarya bai wanke komai da komai ba. Hadisin A'isha yana magana ne a kan kwaikwayon mutum sananne don a ƙasƙanta shi, wanda reshe ne na giba, kuma Shekisfiya bai tsira daga wannan ba. Makbet da 'ya'yanmu suka sani a matsayin maci amana da ya yanka sarkinsa cikin dare a ɗakin baƙi, mutum ne na gaske da ya mulki Sikotilan daga 1040 zuwa 1057, wanda ya kashe wannan sarki, Dankan, a fagen yaƙi, ya zauna daram har ya sami sukunin kai ziyara birnin Rum a 1050. Banko kuwa, abokin Makbet, wanda littafin tarihin da Shekisfiya ya ɗebo labarin daga ciki ya nuna shi abokin ƙulla makirci ne, sai aka wanke shi tas a cikin wasan, saboda Sarki Jemis da ke kan gadon Ingila a lokacin yana danganta zuriyarsa gare shi. Ka ga marubuci ya yi irin ta maroƙa, ya ɗaga kakan mai gida ya danne wanda ba shi da mai tsaya masa. Wajibi ne malami ya gaya wa ɗalibansa haka, don kada su fita da zaton sun karanta tarihi. Batun shigar mata kuma yana nan daram: a zamanin Shekisfiya samari ne ke fitowa a matsayin mata, ba a ga mace 'yar Ingila mai sana'ar wasa a dandamalin Landan ba sai Disamban 1660, kuma Desdimona ta cikin Otelo ita ce rawar da aka fara ba ta. A ajin karatu babu larurar da ta kai a ɗaura wa yaro zane da kallabi, karanta jawabin kawai ya wadatar. Haka nan fitowa a siffar annabawa ko sahabbai, ko izgili da abin da addini ya girmama, wannan ƙofa ce da ba na ganin buɗe ta. Hakaito maganar kafiri kuwa, malamai sun daɗe da cewa ba kafirci ba ne, ga shi yara suna rubuta da'awar Fir'auna da gardamar Iblis a allunansu suna haddacewa.

Yanzu sai mu zo ga abin da nake ganin shi ne ainihin mas'alar, wanda masu hani da masu halattawa duka sukan tsallake shi suna can suna jayayya a kan ƙarya. Wasan kwaikwayo ya bambanta da tatsuniya da ƙissa da littafin zube ta fuska ɗaya mai girma, ita ce ba shi da mai ba da labari. A tatsuniya kaka tana nan tana gaya maka Gizo maƙetaci ne. A wa'azi malami na nan yana rarrabe maka shiriya da ɓata. A wasa kuwa marubuci ya tura mutanensa gabanka, ya ba kowannensu harshe mai kaifi, azzalumi ya kawo uzurinsa, munafuki ya yi rantsuwarsa, mai gaskiya wani lokaci ya kasa tsara maganarsa, sa'an nan shi marubucin ya ɓuya bai ce maka uffan ba. Wanda aka bari da masu husuma a gabansa ba tare da kowa ya raɗa masa wane ne mai gaskiya ba, sunansa alƙali. Wannan ita ce kujerar da ake ɗora yaro ɗan shekara goma sha shida a kai duk lokacin da aka buɗe masa wasa, kuma Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wa masu kawo masa ƙara gargaɗi cewa mai yiwuwa ɗayansu ya fi ɗan'uwansa iya tsara hujja. Koyon rarrabe fasahar baki da gaskiyar magana ilimi ne da ba a samunsa da hadda, sai an yi ta gwada mutum, ya faɗa tarko, a nuna masa inda ƙafarsa ta zame.

Mu dubi Otelo, tunda da yawa daga cikin matasanmu sun ratsa ta kansa. An nuna shi a fadar Ingila a 1604, shekara huɗu bayan jakadan Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur, wanda rundunarsa ta rushe daular Songai a 1591, ya sauka a Landan ya yi watanni mutane na kallonsa. Otelo baƙar fata ne, jarumi, wanda birnin Fenis ya ɗora a kan rundunarsa ya tura shi tsibirin Ƙubrus don tare Turkawa, ya kuma auri Desdimona, 'yar wani babban ɗan majalisa, ba da son ubanta ba. Wani hafsansa, Iyago, ya ƙullace shi don ya ba Kasiyo muƙamin da yake ganin shi ya cancanta, sai ya ɗaura niyyar rusa shi ta hanyar matarsa. Abin lura shi ne yadda ya fara. Bai zo da ƙazafi kai tsaye ba. Ya ga Kasiyo ya rabu da Desdimona sai ya yi 'yar ƙorafi a ƙasan maƙoshi, aka tambaye shi ya ce ba komai, aka matsa masa ya maimaita tambayar da aka yi masa kamar mai jin nauyin amsawa, har ya yi wa maigidansa nasiha ya guji kishi, alhali a daidai wannan lokacin yake shuka masa shi. Otelo, wanda ba wawa ba ne, ya nemi shaida ta gani da ido, kuma a nan ne ya kamata malami ya tsai da karatu ya sa ɗalibai su ƙirga abin da aka kawo masa: labarin mafarkin da aka ce Kasiyo ya yi, wanda Iyago ne kaɗai ya ce ya ji; da hankicin da ya faɗi daga hannun Desdimona, Emiliya matar Iyago ta tsinta, mijinta ya karɓe ya jefa a ɗakin Kasiyo; da dariyar da Otelo ya hango daga maɓoya, bai ji cewa wata mace daban ake zance ba. Shi ke nan. A kan mafarki da ƙyalle da dariya mutum ya shaƙe matarsa a kan gadonta.

Yaron da ya karanta Risala ko ya ji tafsirin Suratun Nuri da Suratul Hujurati yana da mizanin da zai auna wannan da shi, wanda ya fi na takwaransa na Landan kaifi. Ya san an umurci mumini ya yi bincike idan fasiƙi ya zo masa da labari, ya san sashen zato zunubi ne, ya san tuhumar mace kamila tana bukatar shaidu huɗu, wanda ya kasa kawo su bulala tamanin ce hakkinsa, miji kuwa idan ba shi da shaida sai li'ani a gaban alƙali, ba a ba shi ikon ɗaukar rai ba. Duk wannan ya san shi a matsayin hukunci rubutacce. Abin da wasan ya ƙara masa shi ne ya ga da idonsa yadda mutumin kirki yake zamewa mataki mataki, har ya gane dalilin da ya sa shari'a ta tsananta sharaɗin shaida haka. Imam Gazali ya keɓe rubu'i guda na Ihya'u ga halaye masu halakarwa, ya bayyana hasada da fushi da annamimanci da girman kai, asalinsu da maganinsu. A Otelo kuwa sai ka gan su sun tashi tsaye suna tafiya da ƙafafu. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to ga wasa guda da aka gina don a nuna maka iyakar wannan magana, domin babu wanda aka fi yabo da amana a cikinsa kamar Iyago.

Duk wanda ya taɓa zama a aji ana karanta fitowar nan ta hankici ya san abin da ke faruwa. Littafi ɗaya ne a gaban yara uku, zafi ya sa wasu na fifita da takarda, Turancin ya tsufa har malamin kansa sai ya leƙa bayanin ƙasan shafi, amma da zarar an fassara musu sun fahimci inda aka dosa, sai ka ji aji ya ɗauki guna-guni, wata daga baya ta ce "Malam, don Allah me ya hana ta faɗa masa ya ɓace kawai?", wani ya ce ai ko ta faɗa ba zai yarda ba, wata kuma ta ɗora laifin a kan Emiliya da ta san inda hankicin yake ta yi shiru. Ba su san sun shiga bahasin shaida da ɓoye shaida ba, amma cikinsa suke tsundum.

Makbet kuma mas'alar ƙaddara da zaɓi yake tayarwa, wadda malaman tauhidi suka sha wahala a kanta. Bokaye mata uku suka tare shi suka yi masa albishir da sarauta, shi kuma ya je ya kashe sarki, sai ɗalibi mai gaggawa ya rubuta cewa ƙaddara ce ta ja shi. Amma Banko yana tsaye kusa da shi a wannan rana, shi ma an gaya masa zuriyarsa za su yi mulki, bai kuwa zare wuƙa ba. Kuma a duk maganar bokayen babu inda suka ce a kashe kowa. Albishir iri ɗaya ya faɗa a zukata biyu, ɗaya ta riƙe kanta, ɗaya ta bi son zuciya da zugar mata, wannan kuwa shi ne abin da Ash'arawa ke nufi da kasabi, cewa bawa yana da rabon aikatawa wanda a kansa ake yi masa hisabi. Daga baya da ya koma wurinsu suka ba shi tabbacin cewa wanda mace ta haifa ba zai cuce shi ba, kuma ba za a ci shi da yaƙi ba sai daji ya taso ya nufo ganuwarsa, sai ga mayaƙa sun sari rassa sun rufe kansu da su suna tafe, ga kuma abokin gabarsa wanda farke cikin uwarsa aka yi aka ciro shi. Hadisi ya siffanta boka da mai cuɗa gaskiya ɗaya da ƙarya ɗari. A ƙasar da har yanzu mai neman kujera kan kwana a gindin tsamiya, ban ga laifin yaro ya ga ƙarshen wanda ya dogara da su ba.

Duk da haka ba zan ce tsoron Aflatun ya kau ba, domin shi ne hujjar masu hani da ta fi tsaya mini a rai. Marubucin ya ba Iyago zance mafi daɗi a wasan, yakan keɓe ya juyo ga masu kallo ya gaya musu shirinsa kamar abokan sirrinsa, kuma a kowane aji yaron da ya fi kaifin baki shi ke neman a ba shi wannan rawa, in ya yi kyau a tafa masa. Wa zai iya rantsewa cewa abin da ya ɗauka ya tafi da shi gida ƙyamar annamimanci ce, ba dabarunsa ba? Aristo, almajirin Aflatun, ya saɓa wa malaminsa, ya ce kwaikwayo ɗabi'a ce da ɗan Adam ke fara koyo da ita tun yarinta, kuma kallon masifar wani yakan motsa tausayi da tsoro har zuciya ta tsarkaka daga gare su. Ina ganin kowannensu ya faɗi abin da kan faru ga wasu yara ban da wasu. Mai koyon haɗa magani dole ya san guba da sunanta da ɗanɗanonta, sai dai ba a barinsa shi kaɗai a ɗakin da take. Abin da ke raba ilimi da halaka a nan shi ne wanda ke tsaye a kansa.

Kuma alƙalancin da ake koya wa yaro bai kamata ya tsaya a kan mutanen cikin wasa ba, ya kamata ya hau kan marubucin kansa. Shekisfiya ɗan zamaninsa ne da ƙasarsa. Ya sa Otelo ya kashe kansa cikin jawabi mai ƙayatarwa har mai karatu ya ji kamar mutuwar girma ce, alhali a wurinmu zunubi ne a kan zunubi. A wasan attajirin Fenis an tilasta wa Bayahude Shailok barin addininsa a gaban kotu, sauran 'yan wasa na murna kamar an yi masa rahama, abin da Musulmin da ya san babu tilastawa a addini ba zai tafa wa ba. Ya cika bakin wasu mutanensa da zagin baƙar fata, wanda ɗan Afirka zai karanta ya tambayi kansa, shin marubucin na fallasa masu zagin ne ko yana taya su? Ɗalibin da ya iya cewa "a nan na yarda da shi, a nan kuwa ya kauce, ga dalilina" ya sami abin da aka kai shi makaranta dominsa. Wanda aka koya masa cewa duk abin da Bature ya rubuta hikima ce, an cuce shi, kamar yadda aka cuci wanda aka gaya masa duk najasa ne.

Abin baƙin ciki shi ne, a yawancin makarantunmu babu ko ɗaya daga cikin wannan da ke faruwa, don haka mai tsoron fitinar wasan da mai fatan amfaninsa duk suna jayayya ne a kan abin da yaro bai taɓa gani ba. Littafin kansa ba a saye shi ba, sai 'yar ƙasidar taƙaitawa da ake sayarwa a bakin ƙofar makaranta, wadda ta jera jigo da halayen 'yan wasa da tsoffin tambayoyin jarrabawa. Yaro ya haddace cewa Iyago mugu ne, Desdimona baiwar Allah ce, Otelo mai kishi ne, ya zuba a takarda ya ci, bai taɓa jin yadda mugun ke magana ba balle ya koyi gane shi ran da zai zo masa cikin babbar riga yana kiransa ɗan'uwa. An mayar masa da mai ba da labarin da marubucin ya cire da gangan, an sauke shi daga kujerar alƙali an mai da shi maga-takarda.

Hukuncin da na tsaya a kai shi ne, karanta wasan kwaikwayo a aji da rarraba jawabansa tsakanin ɗalibai mubahi ne, matuƙar an kiyaye sutura da kunya, an nisanci siffar annabawa da sahabbai da izgili da addini, ba a kuma tozarta wani sananne ba. Yakan ma kai ga abin so idan aka sami malamin da zai riƙa tsai da karatu yana tambayar hujja. Ku malaman adabi, ku sa yara su riƙe littafin kansa, ku ba su jawaban su karanta da murya, in an zo wurin hukunci ku yi shiru su fara. Kai kuma uban yaro, maimakon ka cire shi daga darasin, ka kira shi bayan sallar isha'i ya ba ka labarin Otelo da Hausa, ka tambaye shi shaidu nawa aka kawo kafin a kashe yarinyar nan.